Ƙusar da Ke Jikin Mangwaron Baba Ishaya

Abin da na fara lura da shi da mai mashin ya sauke ni a bakin fadama shi ne ƙudan zuma. Kowace shekara nakan zo hutun Kirsimeti daga Jere, inda mamata take sayar da doya a bakin titi, zuwa ƙauyen yayan babana, Baba Ishaya, a bayan Kafanchan. Kullum akan sami zuma a wurin da yake dafa mazarƙwaila, amma 'yan kaɗan, a gefen kasko. Ran nan kuwa sun lulluɓe wani tsibin rake da ya fi ni tsawo. Bayansa akwai wani tsibin, bayan wannan ma akwai wani. Da na ɗaga ido sai na hango rafi, abin da ban taɓa gani daga hanya ba, domin raken da yake tare shi duk an kwantar.

Ranar Asabar ce, rana ta fara karkata. Matasan coci suna zaune a gindin mangwaro, addunansu a gefe, suna shan kunu suna dariya. Yaya Gidiyon, autan Baba Ishaya, shi ya tara su gayya. Baba ya tafi jana'iza wani ƙauye tun Juma'a, kuma ya daɗe yana kukan ciwon baya, sai Yaya ya ga gara a hutar da shi. Yadda ake taruwa a haƙe wa mutum cittarsa a wuni ɗaya, haka suka yi wa rabin gonar raken.

Baba bai daɗe da isowa ba, ko takalmin zuwa jana'izar bai cire ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina bai dube ni ba. Kara ɗaya ya zaro daga tsibi yana duban inda aka sare, yana shinshinawa.

"Baba, ka ga aiki?" in ji Yaya Gidiyon. "Abin da kake daɗewa kana nishi a kai, mun gama kafin kunu ya huce. Yanzu sai ka yi ta matsa a hankali har sabuwar shekara."

"Gidiyon, in ka yanka akuya yau, kana ajiye naman har sabuwar shekara?"

"Ai rake ba nama ba ne, Baba."

"Shi ma yanka shi kuka yi."

Ya ce kada kowa ya tafi gida. Rake tun daga lokacin da adda ta taɓa shi yake fara tsami, in ji shi, kuma ruwan da ya yi tsami ko an kwana ana dafa shi ba zai daskare ba, sai dai ya tsaya kamar madi. Shi ya sa shi yake yanka abin da zai matse a ranar kaɗai, sauran ya bar shi tsaye a gona yana jiran layi. Yanzu ga rabin aikin shekara a ƙasa, inji ɗaya, kasko ɗaya, gobe kuma Lahadi. Baba Ishaya dattijon coci ne, kuma tun da nake ban taɓa ganin hayaƙi a murhunsa ranar Lahadi ba.

Dariyar ta tsaya. Aka raba aiki. Wasu suka ja raken zuwa inuwa suna rufe shi da ganyensa, wasu suna ɗebo ruwan rafi suna yayyafawa. Baba ya cire takalmi, ya ɗauko hannun inji, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake sawa a juya, ya tayar da shi. Ni aka ba ni wanke ƙananan tasoshin da ake zuba mazarƙwaila, kusa da murhu, shi ya sa na ji duk abin da ya faɗa.

Wani yaro mai suna Bitrus, wanda yake tura rake cikin inji, ya ce shi dai har yanzu bai ga wahalar aikin ba: a matsa, a tafasa, a zuba a kwano.

"Haka na ce nima ranar da na sauka a Kamfani," in ji Baba.

A gidanmu ba a kiran sunan garin, Kamfani kawai ake cewa. Gari ne na sukari, can nesa a bakin wani babban kogi, inda Baba ya yi ƙuruciyarsa.

"A tashar Kafanchan na hau jirgin ƙasa, lokacin da jirgi yake jirgi, da akwatin kwano da tabarma. Daga inda na sauka kuma muka shiga bayan mota. Tun ba ka ga gari ba za ka ga bututun hayaƙi, dogo, ya fi kowace giginya. Hagu rake, dama rake, har inda idonka ya ƙare, ga magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da igiya. Tsofaffin wurin sun ce da can daji ne, sai 'yan bukkokin masunta. Kamfani ya zo ya share, ya gina gidaje layi-layi, kowane da lamba a ƙofa, ya sa fitilun titi, ya yi asibiti da makaranta da filin ƙwallo. Babu yaren da ba ka ji a kasuwar nan, amma in za a yi ciniki ko faɗa, sai a dawo Hausa. Ba mai agogo. Jiniya ce take tashe mu, ita take sallamarmu, har mata da ita suke ɗora tukunya. In an ƙona gona kafin yanka, baƙar toka ta riƙa saukowa a hankali, sai ka ji mata suna ihu suna kwashe shanya. Yara kuwa bin tankar madi suke yi suna tare abin da yake ɗiga da tafin hannu."

Ya tsaya ya tsoma ludayi mai dogon hannu ya kwashe kumfar da ta taso a kasko, baƙa-baƙa, ya watsar gefe.

"Aikin farko da aka ba ni yanka ne. Na ce ni ɗan manomi ne, wa zai koya mini riƙe adda? Kafin azahar ogan layinmu ya zo ya taka kututturen da na bari, ya ce in koma farko. Zaƙin rake a gindi yake. Ka sare sama, ka bar wa ƙasa sukarin. Ka bar kan kuma, wannan ɗanyen, ka zuba wa tukunya ruwan banza. Ku je ku dubi abin da kuka bari a gonar nan, kututture har gwiwar Rahila."

Rahila ni ce. Duk suka juyo suka dube ni, na sunkuyar da kai cikin tasoshi.

Yaya Gidiyon ya ce ai ya gani a waya, garin ya farfaɗo, wasu sun saya, yanzu inji ne yake yanka, yana tafe yana haɗiye gona.

"Na ji. Allah ya sa albarka. Amma ka tambaya, injin ma abin da za a matse a ranar yake yanka."

Sai ya ba mu labarin mummunar shekara. A lokacin an riga an mai da shi cikin masana'anta, wajen manyan tukwanen dafuwa. Ana tsakiyar kaka babban injin matsa ya karye, aka ce abin gyaran sai an kawo daga ƙasar waje. Na ciki suna jira, na gona kuma ba wanda ya ce musu su dakata, suka ci gaba da yanka. Taraktoci suka yi layi da lodinsu tun daga ƙofar masana'anta har kasuwa.

"Da farko garin ƙanshi yake. Daga nan ya koma warin giya. Zuma suka zo, kamar waɗannan. Da aka gyara injin muka gwada dafawa, ruwa ya ƙi zama sukari, duk dabarar da aka sani an yi. Ƙarshe a bayan gari aka zubar. Aladun mutane suka ci suka riƙa tangaɗi a kan titi, yara suna binsu suna tafi. Mun yi dariya ran nan, ba mu san namu ne ya zube ba. Daga shekarar abubuwa suka fara ja da baya. Wata safiya jiniya ba ta yi kuka ba, rabin gari ya makara, sai muka fito muka tsaya a ƙofar gidaje muna duban juna. Haka na dawo da akwatin kwanona, da mamanku, da yara."

Bitrus ya koma kan aikinsa. Na ga ya fara zaɓo raken da bakinsa ya fi yin ja yana tura shi da farko.

Ruwan kasko ya ragu, ya koma kalar ƙasa. Baba ya zuba ɗan ruwan karan kuɓewa da aka daka, mai yauƙi, ya ce shi yake tattaro datti ya kawo sama. Ya sa aka rage wuta. Ba itace ake sawa ba, busasshen ɓawon raken da inji ya matse ne, yana ci da sauri yana mutuwa da sauri, don haka mai wuta ba ya zama.

"Wannan kuma a hannun mahaifin Malam Garba na koya," ya ce. Malam Garba shi ne mai sayen mazarƙwailar Baba yana kai wa kasuwar Kafanchan, wani lokaci har Kasuwan Magani, gidansa yana ƙetaren rafi. "Tsohon da doki yake matsa. Na zo masa da furfura ta fara fito mini, na ce na dafa sukari a tukunyar da ta fi ɗakinsa girma. Ya ce madalla, bi bayan dokin nan. Na yi ta zagaye da doki ni da Garba har kaka ta ƙare. Kaka ta biyu kwasar kumfa. Sai a ta uku ya ba ni muciya. A Kamfani akwai agogon zafi a jikin tukunya, nan kuwa kunnenka ne da idonka. Ku yi shiru ku ji."

Muka yi shiru. Tafasar da take ta fal-fal-fal ta koma wani nauyayyen sauti, but, but, kamar tuwo ya kusa. Ya ɗiga kaɗan cikin ƙwaryar ruwan sanyi, ya sa yatsa ya murza, ya dunƙule. Aka sauke, ya yi ta juyawa da muciya har ya fara kauri, sannan muka zuba a tasoshi.

"Ka sauke da wuri, ta ƙi kamawa. Ka ƙara numfashi biyu, ta ƙone ta yi ɗaci. Masu kunu su suka fi kowa ido, sai sun karya sun duba ciki. Mai shayi fara yake so. Mai jego kuma baƙa ake nema mata, wai ta fi ƙarfi. Kowa ka san irin tasa, in ba haka ba ya koma wajen sukarin leda."

Kafin rana ta faɗi tsibin farko ma ba mu ci rabinsa ba. Yaya Gidiyon ya ce a kawo fitila a ci gaba. Baba ya ce da fitila ba a ganin launi, ba zai ƙona abin da bai riga ya lalace ba.

"To gobe fa? Abeg Baba, ko jaki ya faɗa rijiya ranar hutu ai ana ciro shi."

"Jakin da kai ka tura?"

"To bari in hau mashin in gaya wa Malam Garba."

"Ba za ka je ba. Abin da ba zan yi ranar Ubangiji ba, ba zan aika wani ya yi mini ba."

Ya kashe inji ya zare hannun. Na ɗauka ɗaki zai kai shi kamar kullum. Sai na ga ya nufi mangwaron da yake bakin hanya, ya laluba jikinsa sama da kansa, ya rataye ƙarfen a wata tsohuwar ƙusa da ɓawon itacen ya kusa haɗiyewa.

Ban iya tambayarsa ba. Sai da muke tsince shinkafa da Mama Hannatu, matarsa, na tambaye ta a hankali. Ta ce da can, da mahaifin Malam Garba ya rasu, Baba da Malam Garba kowa ya kafa injinsa, ɗaya a wannan gefen rafi, ɗaya a wancan. In Juma'a ta kama Malam Garba da kasko a wuta, sai ya rataye ludayinsa a ƙusar nan ya wuce masallaci, Baba in ya gani ya ƙetara ya ƙarasa masa. In Lahadi ta kama Baba da yankakken rake, sai ya rataye hannun inji. Ba wanda yake roƙo, ba wanda yake godiya.

"Amma an daɗe, 'yata. Malam Garba ya sayar da injinsa tun kina goye, yanzu saye da sayarwa yake yi, sai ɗan lambunsa. Gwiwa ma ta dame shi. Ko ya bi ta nan gobe, ban san ko yana ɗaga kai ba."

Da safe za mu coci muka bi ta gindin mangwaron. Ƙarfen yana nan, raɓa a jikinsa. Baba bai kalle shi ba. Warin da yake tasowa daga tsibin ya ɗan canja, akwai wani abu a ƙarƙashin zaƙin.

Ina zaune a bencin 'yan mata kusa da taga, daga nan ina ganin ƙeyar Baba a layin dattawa. Aka yi waƙoƙi, aka yi karatu, zumuntar mata suka yi tasu da tulu da kacau-kacau. Yaya Gidiyon yana cikin mawaƙa amma bakinsa kawai yake motsi. Fasto ya hau wa'azi. Ya yi nisa, ya tsaya zai buɗe wata aya, coci ya yi tsit. A cikin shirun nan na ji shi, can ƙasa wajen fadama: tuk, tuk, sai ya mutu. Aka sake. Tuk, tuk, tuk-tuk-tuk, ya kama.

Kafaɗun Baba suka sauka. Bai juya ba. Matasa suka fara taɓa juna da gwiwar hannu, fasto ya dube su ta saman tabarau ya ci gaba. Da aka zo waƙar rufewa, muryar Baba ta fi ta kowa, har Mama Hannatu ta rufe baki da gefen zane.

Da kayan coci muka gangara. Malam Garba yana zaune a kan turmi gaban murhu, ya miƙe ƙafa ɗaya, ludayi a hannu. 'Ya'yansa biyu suna kan inji. Sun tono tsohon kaskonsa daga rumbu sun ɗora a kan duwatsu, wuta biyu ke ci. Tasoshi sun yi layi a inuwa.

"Ishaya, wane mai ƙaunarka ne ya yi maka wannan ɓarna?"

"Ga shi nan a bayana, da taye a wuya."

"Gidiyon, Allah ya yi maka albarka. In za ka taimake ni, don Allah ka fara gaya mini in gudu."

Baba ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya. Ya leƙa kasko. Ya sake leƙawa.

"Wutar nan ta yi yawa, Garba."

"Yau Lahadi. Bakinka ma ya huta."

"Na ɗauka ba ka ɗaga kai yanzu."

"Ba na ɗagawa. Ƙarfenka ne ya buge mini hula."

Malam Garba ya miƙo mini tasa ɗaya ya ce, "'Yar Jere, kife mu gani." Na kife ta a kan tabarma na ɗan buga gindinta. Mazarƙwailar ta faɗo gaba ɗaya, da ƙarfi, da siffar tasar a jikinta. Ya karya ya miƙa wa Baba rabi. Baba ya duba cikin, ya sa a baki, ya tauna ya haɗiye.

"Ta kama," ya ce.

Litinin tun da asuba matasan suka dawo ba wanda ya kira su, aka ci gaba da kasko biyu. Yaya Gidiyon aka ba shi wuta, aikin da ba a zama, har gashin hannunsa ya ƙone. Bitrus ya roƙi muciya, Baba ya ce ya nemo doki tukuna. Tsibi na ƙarshe, wanda rana ta fi duka, shi ne bai tsira ba. An sa kanwa, an dafa, an ɗiga a ruwa, ya narke ya bi ruwan. Baba ya sa aka juye shi a jarkoki, Mama ta kai wa zumuntar mata suka yi kunun Kirsimeti da shi. Har yau a ƙauyen in kunu ya yi ɗan tsami sai a ce na Gidiyon ne. Sauran duka sun kama. Malam Garba ya ɗaure nasa a kwali, masu kunu suka zo suka karya suka duba suka ɗauka.

Bayan nan ciwon baya ya kwantar da Baba, Mama tana gasa masa da ruwan zafi. Ranar Juma'a da safe na fita zubar da toka, na bi ta gindin mangwaro, na ɗaga kai, domin tun ran nan na kasa wucewa ban ɗaga ba. Akwai abu a ƙusar. Gwangwanin ban-ruwa ne mai huje-huje a baki, an ɗaure hannunsa da tsumma shuɗi. Na san shi. Na taɓa hango shi daga wannan gefen rafi a lambun Malam Garba, kusa da irin albasar da bai daɗe da dasawa ba. Can kan hanya kuma na hango bayan mashin ɗinsa da kwalaye, ya nufi Kafanchan, ba zai dawo ba sai bayan masallaci.

Na yi ɗage, na yi tsalle, yatsuna ko gindinsa ba su taɓa ba. Yaya Gidiyon yana ƙofar gida yana goge mashin zai fita neman fasinja. Na tsaya a gefensa har ya gaji ya ɗago.

"Yaya."

"Au, ashe kina magana?"

"Hannuna bai kai ƙusar ba. Don Allah zo ka sauko mini da gwangwanin, ka nuna mini inda ake tsallake rafin."